Kiɗan da Yake Zagaya Ƙeya

Zafi bai gama sauka ba a lokacin, alhazai kuwa sun watse. Wanda bai zauna Makka ba yana zaton watan aikin hajji shi ne mai wuya. Mu mazauna mun fi jin watannin da ke biye, sa'ad da tantunan Mina suka zama wayam, sharar Arfa da wanke-wanke suka ƙare, kowa ya koma ɗakinsa yana sauraren gurnanin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Shekarar kuma ta zo da nauyi. Ana ta rushe tsofaffin gidaje a wajen Harami, ana kama marasa iƙama, wato takardar izinin zama, fiye da yadda muka saba. Idan mota ta tsaya a bakin layinmu na unguwar Tandabawi, sai ka ji hira ta mutu a kowane bene. Ni da 'yata ba mu da takarda, don haka fitarmu ta ragu, sai abin da ya zama dole.

'Yar tawa ita ce ta fari, ita kaɗai kuma Allah ya bar mini. A nan Makka na haife ta, mahaifinta ya rasu tana ƙarama. A garinmu ba uwa ke riƙon 'yar fari ba. Da an yaye ta sai kaka ko gwaggo ta ɗauke. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta zura mata ido, ba ta zaman hira da ita. A nan ba ni da wanda zan ba, sai na riƙe abata, amma kunyar ta biyo ni har ƙasa mai tsarki. Har ta kusa shekara ashirin ina ce mata "ke", in kuma ina maganarta da wasu in ce "yarinyar nan". Ita da ta tashi cikin Larabawa, inda uwa ke rungume ɗiyarta a bainar jama'a, ba ta taɓa gane abin sosai ba, ta dai saba. Muna kwana ɗaki ɗaya, muna cin kwano ɗaya, maganarmu kuwa ba ta wuce an kira salla da gishiri ya ƙare.

Na faɗi wannan ne don mai karatu ya gane yadda aka yi na ɗauki makonni ina kallon abu da gefen ido ban tambaya ba.

Tana aiki a wani mashgal, irin shagon matan nan da ake kitso da lalle da ɗinki a bayan labule. Da kame ya tsananta, mai wurin ta ce marasa takarda su ɗan zauna a gida tukuna. A wannan zaman ne abin ya fara. Bayan azahar sai ta jingina da bango a kan katifa, ta naɗe kanta da tarha tamau, alhali daga ni sai ita a ɗakin, ga zafi. Sai ta rufe ido. Can sai in ga kanta ya juya dama a hankali, ya tsaya, ya koma hagu, kamar wani yana tafiya a bayanta yana kiranta ƙasa-ƙasa tana binsa da kunne. Yatsunta na motsi a kan gwiwa. In na ce "ke", shiru. Sai na gifta ta gabanta inuwata ta faɗa mata sannan ta farka firgigit. Wata rana na ga hawaye na bin kuncinta. Wata rana kuma murmushi ta yi wa bango.

Na san wannan juyin kai. Na taɓa ganinsa ina yarinya, a jikin yayata. Tana cikin daka sai ta tsaya da taɓarya a hannu, ta karkata kai, ta ce tana jin garaya daga nesa, mu kuwa ba ma jin komai. Aka kai ta wurin wani mutum a wani gari, wanda ya ce dukan da zai yi ba ita zai sama ba, iskar zai sama. Da ta dawo akwai tabon mari a idon sawunta, ba ta magana, in ta ji takun namiji sai ta shige bayan rumbu. A haka ta zauna har ta rasu. Har yau ban san ko ciwon ne ya cinye ta ko maganin ba.

Na yi abin da na sani. Na yi tofi a ruwan zamzam na ajiye inda za ta sha. Na turara habbatus sauda. Asibiti kuwa ba zance, don tambayar farko a can ita ce takarda.

A benen da ke ƙasa da namu akwai wata Hajiya, dattijuwa 'yar wajen Sakkwato. Ita ta ɗauke ni lokacin da mijina ya rasu, ita ta samo mana ɗakin, ita ke sa sunana cikin masu aikin Arfa kowace shekara. Ban taɓa ce mata a'a a kan komai ba. Wata rana ta hau kawo mana fura, ta tarar da yarinyar a wannan hali. Ta tsaya da kwano a hannu tana kallo, sannan ta ja ni zuwa kan matattakala.

"Tun yaushe ɗiyar ga take haka?"

Na ce an kwana biyu.

"Kuma kin yi shiru. Ke wace irin uwa ce? Gidajen ga da ake rushewa, kina zaton mutane kaɗai ke ciki? An tada su daga inda suka shekara ɗaruruwa, dole su nemi wurin zama. Ga budurwa zaune cikin ɗaki ita kaɗai, me ya fi wannan sauƙi?"

Maganar ta shige ni, don ni ma na yi wannan tunanin ban furta ba.

Ta ce akwai mutumin da ya san aikin. Na san wanda take nufi, duk unguwar an san shi. Ba irin malaman da ke karatu a kan mara lafiya su tofa su tafi ba ne. Shi yana zuwa da wayar wuta naɗe a aljihu, yana kuma danne maƙogwaro har sai, in ji shi, wanda ke ciki ya yi magana. Na taɓa ganin wuyan wata matar aure da ya yi wa aiki, ta yi sati tana shan ruwa da cokali. Amma mutane na cewa ta warke.

"Na yi mishi magana," in ji Hajiya bayan kwana kaɗan. "Asabar da hantsi zai zo. Kada ki faɗa mata, in suka ji sai su gudu da ita."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Hajiya kuwa ta saba ɗaukar shiruna a matsayin e.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. In na kalli yarinyar tana juya kai sai in ga yayata da taɓarya. In na tuna Asabar sai in ga yayata a bayan rumbu. Duk inda na juya ita nake gani.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka ɗauke wuta. Mukayyif ya yi tari ya mutu, firji ya yi shiru, ɗakin ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba tun da muka shige shi. Ina zaune ina tsince shinkafa, ita tana jingine a wurinta, ido rufe. Sai na ji wani ɗan sauti siriri, kamar zanzaro a cikin kwalba. Na duba taga, na duba bayan firji. Na ajiye tire na bi sautin da rarrafe, yana ƙara fitowa, har na iso gabanta. Daga kanta yake fita.

Na ce a raina, yayata ita kaɗai ke jin nata, wannan kuwa ya yi ƙarfi har ni ina ji. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kira sunanta, sunan da aka raɗa mata, wanda ban taɓa furtawa a gabanta ba. Na kama gefen tarhar na yaye.

Farar waya ce siririya, ta fito daga wuyan rigarta, ta rabu biyu, kowane reshe ya shige kunne ɗaya.

Ta zare su da sauri tana kallona. "Esh fi, Umma? Lafiya?" Sai kuma ta tsaya. "Umma, sunana kika kira?"

Na nuna wayar. "Mene ne wannan?"

"Samma'a ce. Kiɗa nake ji a jawwal, salulata." Ta sunkuyar da kai. "Na rufe ne kada Hala ta shigo ta gani ta ce na kawo shaiɗan gida, ke kuma ki ji kunya." Hala take ce wa Hajiya, yadda 'ya'yan nan ke kiran duk ƙawar uwa.

Na zauna daɓas. Sannan na gaya mata komai, ina kallon tabarma: yayata, zamzam ɗin da take sha ba ta san da tofi ba, maganar Hajiya, da Asabar. Da farko dariya ta so kama ta. Da na ambaci mutumin sai dariyar ta koma ciki.

"Mai wayar wuta?" Ta kai hannu wuyanta. "Gobe?" Ta daɗe tana kallona. "Da kin bari, Umma?"

Na ce ban sani ba. Ita ce gaskiya.

Amma hankalina bai kwanta ba, kuma na faɗa mata. Na san kiɗa. Na ji kalangu a gidan biki, na ji waƙoƙin Indiya a rediyo, na ji na Larabawa a motocin haya. Ba wanda ke sa mutum ya riƙa waiwaye kamar ana kiransa, ko ya yi wa bango kuka. Na ce ko dai wayar ce ƙofar da suka shigo ta ciki.

"To ki ji da kunnenki," ta ce.

Na miƙa hannu in karɓi guda ɗaya. Ta ce a'a, sai duka biyun, in ba haka ba rabin abin zan ji. Ta matso, ta ɗaga ɗankwalina, ta sa mini da hannunta. Rabon da yatsunta su taɓa fuskata tun tana goye. Na yi bisimilla, na karanta abin da na iya, na riƙe gefen katifa.

Da farko iska na ji, kamar a fili bayan kowa ya tashi. Sai wani sauti mai kauri ya taso daga ƙasa ya tsaya, ba ya hawa ba ya sauka, kamar mutum ya riƙe numfashi. A kansa sai ganga ta shigo, a hankali, ba gaggawa. Sannan jita. Ban taɓa sanin jita na iya yin haka ba. Ba kaɗa ta ake yi ba, jan ta ake yi, ta miƙe ta lanƙwashe kamar muryar mace da ke kiran yaro daga bakin rafi, ta tafi nesa har ka ce ta ɓace, sai amsarta ta dawo sau biyu sau uku, kowace ta fi ta baya rauni. Ina cikin wannan sai wani abu ya taso a kunnena na dama, ya bi ta ƙeyata, na ji shi sarai yana wucewa ta bayan wuyana, ya fita ta hagu.

Na waiwaya. Bango ne kawai a bayana.

Da na juyo na ga yarinyar ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. "Kin gani?" ta ce. "Ke ma sai a kira miki mai wayar wutar gobe."

Na cire abin daga kunnena. Na gane yanzu dalilin juyin kan, amma tsoron bai tafi ba, sauya wuri ya yi. Na ce, wane ne ya bi ta bayana? Wane irin mutane ne ke yin kiɗan da ke tafiya da ƙafarsa?

Ta ce mutane ne kamar kowa, kuma ta nuna mini da hannu. Wai a ɗakin ɗaukar sauti akwai wani maɓalli da ake murzawa, in an murza dama sautin ya tafi kunnen dama, in an murza hagu ya bi. Wani mutum ne zaune yana murzawa a hankali, shi ke nan wanda ya bi ta ƙeyata. Amsar da ke dawowa kuwa na'ura ce ke maimaitawa. Akwai ma wurin da sauti ke zuwa kamar ana zuƙe shi maimakon a sake shi. Wannan, ta ce, zaren kaset suka juya suka kunna ta baya. Na tuna yadda muke gyara kaset da biro in rediyo ta cinye shi, sai abin ya ɗan sauko ƙasa inda hannuna zai kai.

Ta ce tsohon kiɗan Turawa ne, na zamanin da aka haife ni ko kafin nan, sunansa saikadelik rok. Na sa ta maimaita har na iya riƙewa, daga baya na rubuta shi da hannuna a bangon kwalin shayi, da ɗan bokon da na koya a ajin manya kafin mu taso daga gida. Wata 'yar Jawa ta ƙasar Indonesiya ce abokiyar aikinta a mashgal ta zuba mata su a jawwal. Uban matar ya yi kiɗan jita a ƙasarsu yana saurayi, ya tara irin waɗannan, ita kuma ta tashi da su a kunne.

Sai ta nuna mini makaɗan a jawwal ɗin. Hoton mai motsi ne, tsoho, launinsa ya koɗe. Mutum huɗu a kan dandamali, gashi har kafaɗa, riguna masu furanni, sirara kamar ba sa cin abinci.

Na ce, "'Yan matan nan ba su da iyaye ne?"

"Maza ne, Umma."

"Har wannan mai gyalen?"

"Shi ne ma babbansu."

Na ƙara matsowa. Ta mayar mini da kunne ɗaya, ta riƙe ɗaya, kawunanmu suka kusa haɗuwa a kan ɗan gilashin. Mai jitar bai kalli jama'a ko sau ɗaya ba. Ya juya musu baya, ya durƙusa gaban wani baƙin akwati, yana matso da jitar kusa da shi har ta fara kuka da kanta, sannan ya ja baya kaɗan ya riƙe kukan a inda yake so, kamar mai riƙe da linzami. Akwai wani mai babbar jita mai gurnani, yana tsaye ƙiƙam kamar ginshiƙi, yatsu biyu kawai ke motsi a jikinsa. Yarinyar ta ce in na saurara da kyau shi ne ke riƙe da gidan, in ya saki kowa ya zube. Wani kuma yana zaune gaban abin da ake dannawa da yatsu, shi ke yin sautin nan mai kama da riƙe numfashi.

Ni kuwa mai gangar ya ɗauke mini hankali. Sauran suna tafiya inda suka ga dama, wannan ya yi gabas wannan ya yi yamma, har ka ce sun manta da juna. Shi yana nan, ido rufe, baki a ɗan buɗe, yana ajiye bugu ɗaya a wuri ɗaya, yana jiransu. Na san wannan aikin. In mata uku na lugude a turmi ɗaya, akwai wadda ba ta wasa da taɓarya, ba ta jefa ta sama ta tafa, ita dai tana saukewa daidai don masu wasan su sami inda za su dawo. Ba a yaba mata, amma in ta kuskure sai an fasa wa wata hannu. Can kuwa sai ga su sun dawo ɗaya bayan ɗaya, suka faɗo kan bugunsa daidai, mai jitar ya ɗago ya yi masa wani ɗan murmushi. Na ji tsikar jikina ta tashi, wannan karon ba don tsoro ba.

Daga baya na san wasunsu da yawa. Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na raɗa musu nawa. Akwai masu iska, waɗannan na farko. Akwai masu doguwar tafiya, waɗanda waƙarsu ɗaya ke kai ka ka dafa shinkafa ka sauke ba ta ƙare ba. Akwai masu molon Indiya, da wata ƙungiya mai mace a gaba, muryarta kamar an buɗe ƙofa da ƙarfi. Ban san me suke faɗa ba, yarinyar ma rabi take ganewa. Amma na iya gane mai ganga mai haƙuri da mai son a gan shi, ko da ido rufe.

A ranar dai ban kai nan ba. Na tambaye ta abin da ya sa take kuka in tana ji.

Ta ce da Larabci, ta sake faɗa da Hausa don in ji da kyau. "Umma, ɗakin nan taku nawa ne? Ba na fita, ba na aiki, in mota ta tsaya in ce ni aka zo kamawa. Ba ni da ƙasar da za a mayar da ni in san kowa. In na sa wannan, sai in ji fili. Akwai nesa a cikinsa. Shi ke nan."

Ni na san fili, na tashi a inda ido ke tafiya har ya gaji. Ita kuwa filin da ta sani shi ne Arfa, ranar da babu wurin sa ƙafa.

Na ce, "Su waɗannan, suna ina yanzu?"

Na ga tana auna ko ta faɗa. Ta ce wasu sun tsufa, suna da jikoki, furfura har gemu. Wasu kuwa ƙwaya ta kashe su tun suna samari, don a zamanin nan da yawansu sun ɗauka sai da ita ake jin irin wannan kiɗa. Ta ce akwai waɗanda hankalinsu ya tafi bai dawo ba.

Ashe dai akwai rami a wurin, ba inda Hajiya ta nuna ba ne kawai.

"Ni kunne kawai na ba su, Umma," ta ce. "Wallahi ko shisha ban taɓa sha ba. Shayinki ma ya fi ƙarfina."

Na ce daga yau ba a rufe. In za ta ji, ta ji a gabana, kai a buɗe, in na kira ta amsa. In an kira salla a cire. Ta ce to. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Da wane sunan za ki kira?" Na yi kamar ban ji ba, na tashi na koma kan shinkafata.

Wuta ta dawo gab da magariba, mukayyif ya ci gaba da gurnaninsa. Amma Asabar tana nan inda take. Na juya maganar ta kowace fuska. In na ce wa Hajiya kiɗa ne, ba ta tsira ba. Cewa za ta yi ai ga shi nan, ta kunne suka shiga, a yi maza a fitar. Kafin azahar kuma duk Tandabawi ta ji cewa 'yar wance na sauraren kiɗan Turawa masu gashin mata a ƙasa mai tsarki. In na ce ta warke, za ta ce su ne suka lafa don sun ji labari. In na ce a'a kawai, to ban san yadda ake ce wa Hajiya a'a ba, kuma ɗakin da muke ciki da aikin baɗi duk ta hannunta suka zo. Yarinyar ta ce mu kulle ƙofa mu yi shiru. Na ce Hajiya na da makullinmu, ni na ba ta da hannuna tun shekarun baya.

Da gari ya waye na yi salla, na dafa shayi, na ce wa yarinyar ta sa sakata ta ciki, kada ta buɗe sai ta ji muryata. Na ɗauki kujerar tsugunno da tiren wake na sauka. Matattakalar gidanmu ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkata. Na ajiye kujerar a tsakiyarta, tsakanin benen Hajiya da namu, na zauna na baza zanena har ya taɓa bango da bango, na ɗora tiren a cinya.

Da hantsi na ji sallamarsa a ƙasa, na ji Hajiya na yi masa maraba. Takunsu ya fara hawowa. Waken na zubewa daga yatsuna, na ƙyale shi. Hajiya ce a gaba, tana haki, shi yana bayanta, hannunsa ɗaya a aljihu.

"Me kike yi nan kan hanya? Tashi malam ya wuce."

Na gaishe ta yadda na saba, na tambayi kwananta da ƙafarta. Na gaishe shi ma, ban kalle shi ba. Sannan na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Na duba yarinyata da kaina, lafiyarta ƙalau. Ba wanda zai hau."

"Kin duba? Ke me kika sani?"

"Ba abin da na sani, Hajiya. Amma ba wanda zai hau."

Muryata ba ta fi ta kullum ƙarfi ba. Hajiya ta faɗi maganganu, wasu na cancanta wasu ban cancanta ba, ta tuna mini ranar da ta same ni da goyo ba ni da wurin kwana. Na ce haka ne, Allah ya saka mata. Mutumin ya yi gyaran murya ya ce jinkiri a irin wannan abu haɗari ne. Na ce na gode. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince wakena, ɗaya bayan ɗaya, ina ajiye kowane a wuri ɗaya, ban tashi daga matattakalar ba sai da na ji ƙofar waje ta rufe a bayansa.